Gayyatar Kogi da Amsar Jama'a: Sauraron Faifan Joyride na Stanley Turrentine

A ranar Laraba, 14 ga watan Afrilu na shekarar 1965, makaɗa da mabusa fiye da goma sha biyar suka hallara a wani ɗakin ɗaukar sauti da ke garin Englewood Cliffs, a jihar New Jersey ta ƙasar Amurka, tsallaken kogin Hudson daga birnin Niyok. Kafin su watse sun kammala aikin da kamfanin Blue Note ya fitar da sunan Joyride, a ƙarƙashin jagorancin mai busa saksofon Stanley Turrentine. A Turancin Amurka, kalmar tana nufin yawon shan iska a mota, irin wanda samari kan yi don daɗin gudu kawai, ba tare da sun nufi ko'ina ba. Bangon faifan ma ya bi sunan, domin hoton mai busar ne yana bayyana a jikin ƙarfen mota mai ƙyalli, kamar a madubi.

Sai dai duk wanda ya san asalin waƙar da aka buɗe faifan da ita zai ɗan dakata. Sunanta "River's Invitation", wato gayyatar kogi. Labarin wani mutum ne da ya rasa masoyiyarsa, ya karaɗe ƙasa yana nema har ya gaji, ya tsaya a gaɓa, kogi yana kiran sa ya shigo ya yi hutun da babu tashi. To, yaya aka yi yawon nishaɗi ya soma daga bakin irin wannan kogi? Amsar tana cikin yadda faifan ya jera mutum ɗaya a gaba da jama'a a bayansa, kuma ita ce dalilin da ya sa shekaru suka yi ta wucewa bai tsufa ba.

Mai busa da inda ya fito

An haifi Stanley Turrentine a ranar 5 ga Afrilu, 1934, a Pittsburgh, birnin masana'antun ƙarfe na jihar Pennsylvania. Ya tashi a unguwar Hill, matattarar baƙar fata waɗanda da yawansu daga kudancin ƙasar suka yi ƙaura, suna gudun wariya da talauci, suna neman aikin ƙarfi a arewa. Birnin ya fitar da manyan makaɗa irin su Art Blakey, da Erroll Garner, da Ahmad Jamal. Gidan su Stanley kuwa gidan kiɗa ne tun asali. Mahaifinsa ya yi busa saksofon da ƙungiyar Savoy Sultans, mahaifiyarsa tana kaɗa fiyano, wansa Tommy kuma ya zama sanannen mai busa tirampet. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Turrentine ya sha ba da labari a hirarraki cewa mahaifin nasa yakan tsayar da shi a kusurwar ɗaki, ya sa shi ya yi ta busa sauti ɗaya tak, har sai ya ji yadda sautin yake farawa, da yadda yake cika, da yadda yake ƙarewa. Yaro yana ɗokin gudu, uba yana cewa a fara koyon tsayuwa. Wannan horo bai bar shi ba har ƙarshen rayuwarsa, domin masu sauraro sukan gane shi tun daga sautin farko, kafin ya kai ga haɗa jimla.

Bai cika shekara ashirin ba ya bi ƙungiyar mawaƙin buluz Lowell Fulson yawo cikin jihohin kudu, a lokacin da Ray Charles ne mai fiyanon ƙungiyar. Can ya koyi busa wa mutanen da suka wuni suna aiki, suka biya kuɗin shiga da guminsu, waɗanda ba su zo don a burge su da gwaninta ba. A 1953 ya shiga ƙungiyar Earl Bostic, a gurbin da John Coltrane ya bari. Bayan aikin soja, ya haɗu da mai ganga Max Roach a 1959. A 1960 ya fitar da faifansa na farko a Blue Note mai suna Look Out!, ya yi busa a faya-fayan mai ogan Jimmy Smith guda biyu da suka yi tashe, Midnight Special da Back at the Chicken Shack, ya kuma auri mai ogan Shirley Scott, wadda suka shafe kusan shekara goma suna aiki tare. Lokacin da ya shiga ɗakin ɗaukar Joyride, kwana tara ke nan da cikarsa shekara 31.

Abin da ake nufi da sol-jaz

A shekarun 1940, Charlie Parker da Dizzy Gillespie da abokansu suka kawo salon bibop, mai sauri da sarƙaƙiya, wanda ya mayar da jaz kiɗan zama a saurara fiye da kiɗan rawa. Zuwa tsakiyar shekarun 1950, sai wasu kamar Horace Silver, da Art Blakey, da Jimmy Smith, daga baya kuma Cannonball Adderley, suka riƙe ilimin bibop amma suka koma ɗebo ruwa daga rijiyoyi biyu na gida, wato buluz da waƙoƙin cocin baƙar fata. Abin da ya fito daga wannan haɗi shi aka riƙa kira sol-jaz, daga kalmar Turanci mai nufin rai ko kurwa. Gidansa na asali ƙananan wuraren shaƙatawa ne na unguwanni, inda mai ogan da mai ganga da mai saksofon ko mai jita suka isa su raya dare.

Ginin buluz mai sauƙin ganewa ne. Baiti yakan ƙunshi ɗango uku a kan ma'auni goma sha biyu, kowane ɗango da huɗu. Mawaƙi ya faɗi magana, ya maimaita ta, sa'annan ya kawo ta uku wadda ke warwarewa ko ƙara ƙullewa. Abin lura shi ne mawaƙin ba ya cike ɗangon duka. Yakan tsaya wajen rabi, ya bar sarari, kuma wannan sarari na amshi ne. Ko jita ta amsa, ko ƙaho, ko jama'a. Haka nan a coci, mai wa'azi yakan jefa magana ya numfasa, masu sauraro su mayar masa.

Akwai kuma batun lanƙwasa sauti. Mawaƙin buluz yana neman wasu sautuka da suke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano, yana hawa kansu ko yana gangarowa daga gare su. Ɗalibin da ya san yadda karin sama da karin ƙasa da faɗau ke sauya ma'anar kalma ba zai yi mamakin jin cewa ma'ana tana iya zama a cikin gangarowar murya ba. Saksofon, wanda Adolphe Sax ɗan ƙasar Beljiyam ya yi wa rajista a Faris a 1846, yana da ɗan siririn kara a bakinsa da ke karkarwa idan iska ta bi ta kansa. Mai busa yana sassauta leɓe ko ya matse, sai sautin ya sauka ko ya hau kaɗan. A nan Turrentine ya fi ƙwarewa. Muryarsa a babban saksofon na teno mai kauri ce, mai ɗumi, da ɗan kaushi a gefe, kuma yana da wata ƴar shessheƙa da yake sa wa a bakin sauti, kamar mutumin da magana ta tsaya wa a wuya kafin ta fito.

Ayarin da aka tara masa

Babbar ƙungiyar jaz tana da sassa huɗu: masu tirampet, da masu tirambon, wato ƙahon nan da ake jan hannunsa gaba da baya, da masu saksofon, sai sashen da ke riƙe da taki, wanda ya ƙunshi fiyano da jita da babbar goge ta tsaye da ganguna. A shekarun 1930 irin waɗannan ƙungiyoyi su ne sarakunan dandalin rawa a Amurka. Yaƙin Duniya na Biyu, da harajin da aka ɗora wa gidajen rawa a 1944, da tsadar ɗawainiyar mutane masu yawa a kan hanya, suka taru suka karya su. A ƙarshen 1946 shugabanni da dama suka sallami yaransu. Zuwa 1965, ƙalilan ne irin su Duke Ellington da Count Basie suke iya riƙe cikakken ayari shekara da shekaru. Sauran gwanayen sun koma aikin rediyo da talabijin da ɗakunan ɗaukar sauti na Niyok, ana kiran su a tara su na yini guda, su karanta takarda, su busa, su tafi.

Kamfanin Blue Note kuwa da ƙananan ƙungiyoyi aka san shi, na mutum huɗu zuwa shida. Alfred Lion ne ya kafa shi a 1939, abokinsa Francis Wolff ya zo ya tarar da shi, dukansu Yahudawa ne daga Balin da suka baro Jamus a zamanin mulkin Nazi. Kamfani ne ƙarami mai lissafin kwabo, ko da yake an yabe shi da biyan makaɗa kuɗin gwaji kafin ranar ɗauka. Tara mutum fiye da goma sha biyar domin mai busa guda ɗaya babbar kasada ce a gare shi, kuma shaida ce ta irin amincewar da Lion ya yi da Turrentine.

Wanda aka ɗora wa tsara kiɗan da jagorantar ayarin shi ne Oliver Nelson, haifaffen St. Louis a 1932. Shi ma mai saksofon ne, ya yi aiki da Louis Jordan yana saurayi, ya kuma yi karatun tsara kiɗa a jami'a. Faifansa na 1961, The Blues and the Abstract Truth, ya riga ya ɗaukaka sunansa, haka ma tsarin da ya yi wa Jimmy Smith a 1962 a faifan Bashin'. Ke nan ya san buluz daga ciki, ya san takarda, ya kuma san abin da mai saksofon yake bukata daga waɗanda ke bayansa.

Sunayen mutanen da suka zauna a kujerun nan tarihi ne guda. A tirampet akwai Clark Terry, wanda ya yi aiki da Basie da Ellington, da Snooky Young, wanda ya fito daga ƙungiyar Jimmie Lunceford, da Ernie Royal. A tirambon akwai J. J. Johnson, wanda ya buɗe wa wannan ƙaho ƙofar bibop, da Jimmy Cleveland, da Henry Coker. Cikin masu saksofon da sarewa akwai Phil Woods, da Jerry Dodgion, da Danny Bank, da dattijo Budd Johnson, haifaffen 1910. Kenny Burrell ne a jita, Bob Cranshaw a babbar goge, Grady Tate a ganguna. Mai fiyano kuwa Herbie Hancock ne, ɗan ƙungiyar Miles Davis, wanda ya cika shekara 25 kwana biyu kafin nan, kuma mako huɗu da suka wuce ya ɗauki nasa faifan Maiden Voyage a wannan ɗaki. Da yawansu shugabanni ne masu faya-fayan kansu. A wannan rana suka yarda su zama ƴan amshi.

Ɗakin ma yana da nasa rabo. Rudy Van Gelder, wanda asalin sana'arsa gwajin ido ce, ya fara ɗaukar sauti a falon iyayensa a Hackensack, sa'annan a 1959 ya koma wannan gini mai dogon rufin katako kamar na ɗakin ibada. Tsawon rufin yana ba ƙahoni wurin buɗewa ba tare da sun danne muryar da ke gaba ba.

A bakin kogi

Percy Mayfield, mai waƙar kogin, an haife shi a jihar Luwiziyana a 1920. Ya yi suna a 1950 da "Please Send Me Someone to Love", kuma shi ya rubuta wa Ray Charles "Hit the Road Jack". A 1952 ya yi mummunan hatsarin mota wanda ya sauya masa kamannin fuska, ya rage masa fitowa gaban jama'a. Ya fara rera waƙar kogin a farkon shekarun 1950, ya sake ɗaukar ta a 1963 a kamfanin Tangerine na Ray Charles. Saboda haka a 1965 baitocinta suna nan sabbi a kunnen masu sayen faya-fayan Turrentine. Mayfield ba ya kururuwa idan yana rera ta. Cikin natsuwa yake faɗi, kuma natsuwar ce take sa tsikar jiki tashi, domin a cikin baitocin masu magana biyu ne kawai, mutumin da kogin.

A Joyride babu kalma ko ɗaya. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma Turrentine ya ɗauki ta wani ya mayar da ita tasa, ta hanyar bin numfashin mawaƙi. Yana faɗin ɗango, ya tsaya inda Mayfield zai tsaya, ya bar sararin nan na amshi. Abin da ke shigowa cikin sararin shi ne ƙahonin Nelson, a dunƙule, da ƙarfi, da gajerun jimloli masu kama da tafi ko kiran suna. A ƙarƙashinsu Tate da Cranshaw suna riƙe da taki matsakaici, mai nauyi, irin na mai tafiya da ƙafa wanda ya san inda za shi.

Wanda ya san baitocin yana jin abubuwa biyu a lokaci guda. Zuciyarsa tana tuna masa kiran kogi, kunnensa kuma yana jin jama'a suna amsawa a daidai gurbin. Mutumin yana nan a gaɓa da damuwarsa, babu abin da aka rage daga cikinta, amma yanzu akwai mutane a bayansa, kuma duk abin da ya faɗa sai sun mayar masa. Da busar ta yi nisa, sai amshin ya riƙa ƙaruwa, shi ma mai busar ya riƙa ɗaga murya, har abin da ya fara kamar ƙorafi ya koma shelar mai rai. Ba sai Nelson ya zauna ya ƙudurta wannan ma'ana ba. Al'adar da shi da Turrentine suka gada ta riga ta ƙudurta musu, tun daga gonakin auduga har zuwa cocin unguwa: ba a barin mai kuka ya yi shi kaɗai.

Marubuci Albert Murray, a littafinsa Stomping the Blues na 1976, ya bambanta tsakanin buluz a matsayin baƙin cikin da ke sauko wa mutum, da buluz a matsayin kiɗan da ake yi domin korar wannan baƙin ciki. A ganinsa, taron rawa na daren Asabar yana da nasa aikin tsarkake zuciya, kamar yadda taron safiyar Lahadi yake da nasa. Idan aka saurari waƙar farko ta Joyride da wannan fahimta, sunan faifan ya daina zama abin mamaki. Farin cikin da ke cikinsa na wanda ya ga kogin ne da idonsa, ya juya ya dawo cikin mutane.

Sauran tafiyar

Waƙoƙi shida ne a faifan na asali, mai lamba 4201 a jerin kamfanin. Ta biyu, "I Wonder Where Our Love Has Gone", ta Buddy Johnson ce, shugaban wata ƙungiyar rawa da baƙar fatan Harlem da na kudu suka so ƙwarai. Tambaya ce a kan inda ƙauna ta tafi, kuma a nan Nelson ya sassauta ayarin, ya shimfiɗa sautuka masu taushi kamar tabarma, Turrentine ya zauna a kai yana magana a hankali. Gwanintar mai tsara kiɗa tana bayyana a inda ya sa mutane su yi shiru, kamar yadda take bayyana a inda ya sa su yi ƙara. Mutum goma sha biyar da za su iya girgiza rufi amma suka yi raɗa, sun fi taɓa zuciya a kan mutum uku da raɗar ce iyakar ƙarfinsu.

"Little Sheri" da "Mattie T." na Turrentine ne da kansa. Ta farkon ya rubuta ta ne domin ƴarsa, kuma ta riga ta fito a Look Out! da ƴar ƙaramar ƙungiya ta mutum huɗu. Wanda ya jera ɗaukar 1960 da ta 1965 ya saurara zai gane wani abu game da mai busar. Ayari ya ninka sau huɗu, amma bai sauya murya don ya yi gasa da shi ba. Bai ƙara sauri ba, bai cika sararin da ya saba bari ba. Ya san cewa idan ya bar gurbi akwai mai shiga, kuma wannan amana ce take sa kiɗan ya numfasa.

"Bayou" ta tsohon abokin aikinsa Jimmy Smith ce, sunanta kuwa yana nufin irin fadamun nan masu kwantaccen ruwa na Luwiziyana. Ruwa ya sake dawowa ke nan, amma a wannan karo mai lumana. Ta ƙarshe, "A Taste of Honey", wato ɗanɗanon zuma, Bobby Scott da Ric Marlow ne suka yi ta domin wani wasan kwaikwayo a 1960, ƙungiyar Beatles ta rera ta a 1963, ta zama waƙar da kowa ya sani. Da aka sake fitar da faifan a zamanin faifan CD, an ƙara waƙoƙi biyu daga aikin wannan rana, "Gravy Train" ta Lou Donaldson da "A Kettle of Fish" ta Jack McDuff. Zaɓen waƙoƙin kaɗai ya isa ya nuna su wa aka yi wa faifan: mutanen da suka san Mayfield da Buddy Johnson daga akwatin kiɗa na shagon unguwa.

Zargin sauƙi

Shekarar 1965 ba ta nishaɗi ba ce ga baƙar fatan Amurka. A ranar 21 ga Fabrairu aka harbe Malcolm X a Niyok. A ranar 7 ga Maris ƴan sanda suka far wa masu tattakin neman ƴancin zaɓe a kan gadar Selma ta jihar Alabama. Sai a ranar 6 ga Agusta aka sa hannu a dokar da ta kare wannan ƴanci, kwanaki kaɗan bayan haka kuma tarzoma ta ɓarke a unguwar Watts ta Los Angeles. A fagen kiɗa, John Coltrane ya ɗauki A Love Supreme a watan Disamba na 1964 a wannan ɗaki na Van Gelder, ya kuma dawo a ranar 28 ga Yuni, 1965, da mutum goma suka ɗauki Ascension, guguwar sauti wadda ta watsar da yawancin tsoffin dokoki.

A irin wannan yanayi, wasu masharhanta sun ɗauki sol-jaz a matsayin kayan kasuwa, kiɗan da ke maimaita abin da aka sani domin a saya. Zargin yana da ɗan tushe. Bayan da The Sidewinder na Lee Morgan ya yi kasuwa a 1964, kamfanoni sun yi ta neman irinsa, kuma an yi faya-fayai da dama da babu komai a cikinsu sai taki. Shi kansa Turrentine ya sha irin wannan suka a shekarun 1970, lokacin da ya karkata ga kiɗa mai saurin shiga rediyo.

Amma ɗora wannan hukunci a kan Joyride rashin adalci ne, kuma illar ta wuce faifai guda. Idan aka ce kiɗan da ke fasa doka shi kaɗai ne ke faɗin gaskiyar zamaninsa, to an cire ma'aikacin masana'anta da mai wanki da direban bas daga cikin tarihi, an ce abin da suka zaɓa su saurara bayan wahalar yini ba shi da nauyi. Alhali su ne suka cika coci-cocin da aka shirya tattaki a cikinsu, kuma da waƙoƙin jagora da amshi suka yi tattakin. Coltrane da Turrentine sun zauna a kujera ɗaya a ƙungiyar Bostic, sun sha daga rijiya ɗaya. Ɗaya ya ɗauki ƙuncin zamanin ya mayar da shi addu'a da ƙara, ɗayan ya mayar da shi zance tsakanin mutum da danginsa. Al'ummar da ke cikin tsanani tana bukatar duka biyun.

Sauƙin ma da ake zargi, sauƙin ji ne kawai. Busa ɗango shida ko bakwai waɗanda yaro zai iya bi da fito, amma a sa kowane sauti ya fito da nauyinsa, a kan lokaci, a gaban J. J. Johnson da Clark Terry, aiki ne na wanda ya yi shekaru a kusurwar ɗaki da sauti ɗaya. Mai gudu yana iya ɓoye tuntuɓe cikin ƙura. Mai tafiya a hankali kowa yana ganin sawunsa.

Bayan an watse

Ayarin na yini ɗaya ne. Ba da jimawa ba aka sayar da Blue Note ga kamfanin Liberty, Alfred Lion ya yi ritaya a 1967. A wannan shekara Oliver Nelson ya koma Los Angeles yana tsara kiɗan fina-finai da shirye-shiryen talabijin. Ya zagaya Afirka ta Yamma da ƙaramar ƙungiya a 1969, ya rasu a 1975 yana da shekara 43. Turrentine ya samu babbar kasuwa da faifan Sugar a 1970, ya ci gaba da busa har zuwa rasuwarsa a Niyok a ranar 12 ga Satumba, 2000, yana da shekara 66. A Pittsburgh aka binne shi.

Ga mai son ya shiga faifan da kyau, sauraro uku sun fi ɗaya. A na farko ya bi saksofon kaɗai, kamar yadda ake bin mai ba da labari, ya lura da inda yake jan sauti da inda yake yanke shi. A na biyu ya bar mai busar, ya kasa kunne ga abin da ke faruwa duk lokacin da ya numfasa: su wa suka shigo, da wane ƙarfi, kuma yaushe suka janye. A na uku ya sauka ƙasa wurin ganguna da babbar goge, waɗanda ba sa neman a lura da su, amma da za su saki da komai ya zube. Bayan nan sai ya nemi waƙar Percy Mayfield ya ji baitocinta, ya dawo ya sa faifan daga farko.

Abin da zai tarar shi ne darasin da kiɗan yake bayarwa ba tare da kalma ba. Jagora ya san girman muryarsa, bai kumbura ta ba don ya ga taro. Manyan da ke bayansa sun ajiye sunayensu, sun tsaya ga amshi. Mai tsarawa ya raba wa kowa gurbinsa, ya bar sarari a inda ya kamata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ma baƙin ciki irin na mutumin da ke gaɓar kogi. A Joyride an taru an ɗauka tare da shi, kuma saboda haka ne ake iya rawa da waƙar.